Wasan da Aka Ce Kyauta Ne: Kwana 10 da Muka Yi da Genshin Impact

  

'Yan'uwa masu karatu, a wannan fitowa mun ɗan kauce daga sharhin littattafai da muka saba, za mu yi sharhi a kan wasan waya. Dalili kuwa wata tambaya ce da wani dattijo daga cikin masu sahun gaba ya kawo mana bayan sallar La'asar. Ya ce ɗansa mai shekara 15 ya sauke wani wasa a wayar yayansa. Da ya yi masa magana sai yaron ya ce: "Baba, ai kyauta ne, ko dala ba a biya. Kuma ba caca ba ce, labari ne kawai." Dattijon ya ce mana: "Malam, ni ban san abin nan ba. Ina gudun in hana halal, ina kuma gudun in bar haram a cikin gidana. Ku duba mini."

Da mun so, da nan take mun ce masa a hana, kowa ya huta. To amma malamai sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi, kuma gani ya kori ji. Sai muka ari waya, muka sami samari biyu daga cikin ɗalibanmu na dare, muka buɗe wasan daga farkonsa kamar yadda kowane sabon shiga zai yi. Awa ɗaya kullum bayan Isha, har kwana 10.

Mene ne wasan?

Sunansa Genshin Impact. Kamfanin miHoYo na birnin Shanghai a ƙasar Sin ne ya fitar da shi ranar 28 ga Satumba 2020, a waje kuma kamfanin yana amsa sunan HoYoverse. Ya bambanta da Free Fire da yaranmu suka fi sani, inda ake harbe-harbe na 'yan mintuna a tashi. Wannan irin wasan ne da mutum ke shiga rigar wani jarumi, ya bi dogon labari, ya yi yaƙi, ya tara kaya, jarumin yana ƙara ƙarfi a hankali. Mutum zai iya shekara yana ciki bai ga ƙarshensa ba.

Tun kafin a fara, maganar kyauta ta fara samun tangarɗa. Wasan yana cin wurin ajiya sama da giga 20, kuma ba ya motsi sai da intanet. Ƙaramar waya ba ta ɗaukarsa, shi ya sa yaron ya koma ta yayansa. Wayar da muka ara ma, a zafin Malanville, kafin rabin awa ta zama kamar dutsen guga. Kuɗin data da na caji ba su shiga aljihun kamfanin wasan, amma dai daga aljihun uba suke fita.

Abin da ya burge mu

Adalci ya sa mu fara da nan. An yi aiki a wasan nan, kuma an ruwaito cewa wajen dalar Amurka miliyan 100 aka kashe kafin ya fito. Ciyawa tana kaɗawa, rana tana faɗuwa, ruwan sama yana sauka, duk dutsen da ka hango za ka iya hawansa. Faɗan ma akwai tunani a ciki. Akwai ƙarfi iri 7: iska, dutse, lantarki, tsiro, ruwa, wuta da ƙanƙara. In ka jiƙa abokin gaba sannan ka sa masa lantarki, ɓarnar ta fi yawa. In ka sa wuta a busasshiyar ciyawa sai ta kama, ta ci har da kai in ba ka kauce ba. Mun ga samarinmu suna gardama a kan wane za a haɗa da wane, irin gardamar da muke so mu gani a ajin lissafi. Babu Hausa ko Larabci a cikin wasan, amma akwai Faransanci, kuma ɗayansu ya karanta Faransanci a kwana 10 ɗin nan fiye da yadda yake karantawa a lakwal.

Labarin kuma ya taɓa mu fiye da yadda muka zata. Tagwaye ne, mace da namiji, matafiya. Wata mai ƙarfi ta tare musu hanya ta raba su. Kai mai wasa ka zaɓi ɗaya, ka farka a bakin teku a ƙasar da ba ka sani ba, ka shiga neman ɗan'uwanka gari gari. Mu mutanen bakin gada ba sai an fassara mana wannan ba. Lokacin da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, gidaje nawa ne a nan suka wayi gari ɗan'uwa yana tsallake, ana hango fitilun garinsa da dare amma sai an bi jirgin ruwa kafin a gaisa? A lokacin ne kuma samari da yawa, masu lodi da 'yan kabu-kabu, suka rasa aikin yi, waya ta zama abokiyar hira. Yaron da ya ce wa babansa labari ne, bai yi ƙarya ba. Akwai labari, kuma mai kama zuciya ne.

Inda kyautar ta tsaya

Kwanakin farko hannun wasan a buɗe yake. Ya ba mu jarumai uku kyauta, Amber da Kaeya da Lisa. Ko'ina ka juya akwati ne na buɗewa, kowane ɗan aiki da ladansa. Sai kuma ya nuna mana wata ƙofa da ya kira "buri". A nan ake samun sababbin jarumai da makamai, amma ba zaɓa ake yi ba. Ka biya, tauraro ya faɗo daga sama, abin da ya fito shi ne rabonka. Sabon shiga ana yi masa rangwame: jefa 10 na farko a kuɗin 8, kuma an lamunce masa jaruma guda mai suna Noelle. Wato jefawarka ta farko ba za ka taɓa faɗuwa ba. Masuntan kogin nan sun san wannan dabara tun kaka da kakanni. Kifi bai taɓa biyan kuɗin tanar da ke bakin ƙugiya ba.

Ga lissafin, da alƙaluman da kamfanin da kansa ya wallafa a cikin wasan. Kuɗin ciki wasu 'yan duwatsu ne da ake kira Primogem, mu za mu ce musu tsakuwa. Jefa ɗaya tsakuwa 160 ce. Damar samun babban jarumi mai tauraro 5 a jefa ɗaya kashi 0.6 ce cikin 100, wato 6 cikin 1,000. An yi alkawarin cewa in ka kai jefa 90 ba ka samu ba, a ta 90 za a ba ka, kuma galibi yakan zo kafin nan. Amma ko ya zo, kusan rabi da rabi ne ya zama wanda ake talla ko wani daban. In wani daban ne, sai ka sake sabon zagaye kafin a tabbatar maka. Saboda haka wanda bai yi sa'a ba zai iya kaiwa jefa 180, tsakuwa 28,800 ke nan.

To nawa ne wannan a kuɗinmu? Babban ƙunshin da ake sayarwa dalar Amurka 99.99 ne, kuma in aka cire garaɓasar sayen farko, yana ba da abin jefa 50. Jefa 180 sai ƙunshi uku da rabi, wajen jika 200 na sefa. Mafi ƙarancin albashi a Benin tun Janairu 2023 jika 52 ne a wata. Albashin kusan wata huɗu ke nan a kan hoto guda mai motsi, wanda ranar da kamfani ya rufe wasan ya tafi da shi.

Wani zai ce ai ana samun tsakuwa ba tare da biya ba. Gaskiya ne, kuma mutane da yawa suna bin labarin ba su taɓa saye ba. Amma duba yadda ake samunta. Akwai ayyuka 4 na kullum da ke ba da tsakuwa 60. Da su kaɗai, sai ka yi kusan kwana uku kafin jefa ɗaya, wata 8 kafin jefa 90. Akwatuna da bukukuwan cikin wasan suna ƙarawa, sai dai akwatin da ka buɗe ba ya dawowa, yalwar farko tana ja da baya. Jarumin da ake talla kuwa wajen mako uku yake yi a ɗauke shi, agogo yana ƙirgawa a gaban idonka. Yaro ya tara jefa 60, saura kwana biyu a rufe, ya san in ya ƙara kaɗan zai kai. A wannan gaɓar ce ake fara tunanin kuɗin cefane da kuɗin da aka aike shi da su kasuwa.

Abin da ya fi ba mu haushi a matsayin masu sharhi shi ne yadda aka ɓoye farashi. Kuɗinka na gaske ka sayi wani lu'ulu'u, lu'ulu'un ka canza shi tsakuwa, tsakuwar ka canza ta wani abu da suka sa wa suna "ƙaddara", da shi za ka yi "buri". Hawa uku ke nan tsakanin aljihunka da abin da ka saya. Mai awon shinkafa a kasuwar Malanville da zai yi wa mai saye irin wannan zagaye-zagaye, da tuni an kai ƙararsa wurin sarkin kasuwa. Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A Janairu 2025 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta zargi kamfanin da rikitar da yara game da ainihin farashi da damar samu. Kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 20, ya kuma daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 irin wannan jefawa a can sai da izinin iyaye. Beljiyam tun 2018 ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a na kuɗi a matsayin caca. Wasan da ake ce wa kyauta, masu bin diddigin kasuwa sun ƙiyasta ya tara sama da dala biliyan 1 a wayoyi kaɗai cikin wata 6 na farko. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Cinikin tsakuwa

Da gangan muka zaɓi kalmar tsakuwa. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, da ke nuna Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana cinikin tsakuwa da cinikin garari. Daga cikin yadda malamai suka fassara cinikin tsakuwa: mai kaya ya shimfiɗa tufafi, ka biya, ka jefa tsakuwa, wanda ta faɗa a kai shi ne naka. Da muka karanta wa samarinmu wannan, ɗaya ya yi shiru ya ce: "Malam, ai shi ne." Garari kuwa shi ne sayen abin da ba ka san me za ka samu ba, kamar kifi a ruwa ko tsuntsu a sama, kuma duk ɗalibin da ya sauke Risala ya wuce ta kansa a babin ciniki.

Ɗayan saurayin ya kawo hujja, kuma mun ji daɗin da ya kawo ta. Ya ce: "Malam, a caca mutum yana iya tashi hannu wofi, nan kuwa kowace jefa sai ka sami wani abu." Muka ce masa mai jefa tsakuwa ma ba ya tashi hannu wofi, kullum da ƙyallen da zai tafi da shi, amma aka hana. Kuma abin da ke fitowa mafi yawan lokuta ƙaramin makami ne da kai kanka ba don shi ka biya ba. Ya ce kuma ba a mayar da abin da aka ci ya zama kuɗi, saboda haka ba caca ba ce. Muka ce ko an bar maka wannan, gararin yana nan daram. Sannan ka koma aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida ka ga illolin da aka ambata wa caca: ƙiyayya tsakanin mutane da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Ka auna da kanka ko akwai su a nan.

Abin da ya rinjaya a wurinmu shi ne sa kuɗi a wannan jefawa bai halatta ba. Jefawar da aka yi da tsakuwar da aka tara a wasa ba ciniki ba ce, hukuncinta ya fi sauƙi. Amma bugun zuciyar da ake ji kafin tauraron ya faɗo iri ɗaya ne, kuma shi ake koya wa yaro tun kafin ya mallaki kuɗin kansa. Mu ma da furfurarmu mun ji shi a dare na huɗu, muka dubi juna muka yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba.

Gumakan da ke kan hanya

Akwai abu na biyu da ya wajaba uba Musulmi ya sani. Duniyar wasan ƙasashe 7 ce, kowace da abin bautarta. A ko'ina an kafa musu gumaka. Tun a sa'ar farko labari zai kai ka gaban ɗaya, ka taɓa shi ya ba ka ƙarfin iska. Taswira ba ta buɗewa sai ka je wurinsu. In jarumanka sun ji rauni, gindin gunki za ka kai su su warke. Akwai wasu abubuwa da kake tsintowa ka miƙa masa ya ƙara maka juriya, kuma kalmar bauta ce aka rubuta a kan maɓallin. Garin farko, Mondstadt, da giya yake alfahari, abin bautarsu ma mawaƙi ne mai son sha. Shigar da yawa daga matan wasan kuwa, ba za ka so 'yarka ta gani ta ɗauka ado ba ne.

A yi hattara a nan. Ba mu ce yaron da ya danna maɓalli ya yi shirka ba. Ya san zane ne, bai ƙudurta komai ba, kuma kafirta Musulmi ba abin wasa ba ne. Damuwarmu sabo ne. Yaron da muke koya wa da safe cewa waraka daga Allah take, da dare hannunsa ya kai marar lafiya gindin gunki sau goma, ƙyamar abin tana raguwa a zuciyarsa ko bai sani ba. Kuma babu yadda za a bi labarin a kauce musu gaba ɗaya.

Agogon wasa da agogon salla

Abu na uku shi ne lokaci. Akwai wani ƙarfi da ake kashewa wajen karɓar lada, yana cika da kansa ɗigo ɗaya kowane minti 8. In ya cika ba ka kashe ba, ji za ka yi ka yi asara. Ayyukan kullum kuma, ga masu wasa a sashen Turai, ƙarfe 4 na dare agogonmu suke sabuntawa, gab da kiran Assalatu. Wasan ba ya cewa ka bar salla, amma ya san yadda zai sa ka ji kana da bashi a kansa kullum. A rana ta takwas mun sa awa ɗaya, muka ɗaga kai mun yi kusan biyu. Abin lura, a ƙasar Sin inda aka ƙera wasan, tun 2021 doka ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasannin intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare. Masu abin sun sa wa 'ya'yansu linzami, namu kuwa an sakar musu.

Amsarmu ga dattijo

Musulunci bai hana wasa ba. Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, Nana A'isha tana kallo, shi da kansa kuma ya yi tsere da ita. Kuma ba mu raina gwanintar da ke cikin wannan wasa ba. Amma an ɗora kyakkyawan labari a kan teburin mai jefa tsakuwa, an kuma jera gumaka a hanyarsa. Saboda haka ba mu ba da shawarar a bar yaro ya fara shi ba, kuma ranar farko ta fi sauƙin hanawa a kan rana ta ɗari, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda ya riga ya shiga, babba ne ko yaro, ga abin da muke roƙonsa. Kada ya sa ko dala a jefawa, kada kuma ya ba wani kuɗi ya saya masa. Iyaye su cire katin banki da duk wata hanyar biya daga wayar da yaro ke taɓawa, lambar sirrin asusun waya kuma ta zauna a bakinsu. A sa lokaci sananne, waya ta kwana a ɗakin iyaye. A sani cewa in an yi nisa wasan yana buɗe ƙofar haɗuwa da hira da baƙi daga ko'ina a duniya, a riƙa tambayar yaro da wa yake wasa. Alamomin da za a lura da su uku ne: ya fara jinkirta salla, ya fara ƙarya a kan canji, ko ya riƙa fushi in an kira shi. In ɗaya ta bayyana, lokacin gogewa ya yi.

Wannan awo bai tsaya kan Genshin Impact kaɗai ba. Duk wasan da aka ce kyauta ne, a buɗe shagonsa tun ranar farko a duba: ana sayar da abu sananne a farashi sananne, ko sa'a ake sayarwa? Free Fire ma tana da nata juyin sa'ar da ake biya da lu'ulu'u.

Mun kuma ce wa dattijon kada ya fizge waya da faɗa. Ya zaunar da yaron, ya ce: "Ɗana, nuna mini abin da ke burge ka." Ya saurara, sannan su ɗauki takarda su yi lissafin jika 200 ɗin nan tare, yaron ya riƙe alƙalami. Ya kuma nema masa abin da zai maye gurbi, ko ƙwallo ce da yamma ko zama a shago. Mu ma ƙungiya akwai namu laifin, domin tsakanin Isha da barci ba mu tanadar wa samarinmu komai ba, wasu a Shanghai suka tanadar musu. Mun sa wannan a ajandar zama mai zuwa, kuma muna so samari su zo da bakinsu.

Abin da muka dace daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take bayan karatun Magariba. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare mana dukiya da lokaci, Ya buɗe hanyoyin arziki na halal ga samarinmu. Wallahu a'alam.